Gumbar Baba Arzika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya riga hankalina isa Jiga Maƙera ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a kan babur nake, sai na ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya.

Ni malamin gona ne. Ina haya a Firchin, cikin garin Jega, aikina kuwa yawo ne tsakanin ƙauyukan Aliero da na Maiyama, ina yi wa manoma bayanin yadda za su adana albasa kada ta ruɓe kafin ta yi daraja. Farkon zuwana Jiga Maƙera ba wanda ya kula ni. A amsa mini sallama, kowa ya ci gaba da sabgarsa, ni kuma ina tsaye da jaka kamar mai tallan maganin basir. Ana haka sai wani tsoho da ke zaune a ƙofar gidansa ya ƙare mini kallo, ya ce, "Wanga ɗan boko mai ƙahwa kamar ta zalɓe, shi ka koya muna noma?"

Aka fashe da dariya. Ni kuma da ba a bar ni a baya ba wajen baki, na ce, "Tsoho, ai gara ƙafar zalɓe da bakin da ba haƙori."

Wannan tsohon shi ne Baba Arzika, kuma daga ranar ya mayar da ni jikansa. Kun dai san wasan kaka da jika, ba a jin haushi kuma ba a ragawa. Shi ya ce duk matar da na aura tasa ce, ni in ce masa mai ran ƙarfe, ya ƙi tafiya ya bar wa yara wuri. In na zo zai sa a dama mini fura, yana ba ni yana cewa asara ce kawai, ba za ta zauna a jikina ba. Saboda shi mutanen garin suka fara sauraro na. Gaskiyar magana (wadda ban taɓa faɗa wa ogana ba) ita ce, duk taron da na yi a garin nan kiransa aka amsa, ba nawa ba.

To, sai oga ya ce akwai rumbunan ajiyar albasa da za a gina a wasu ƙauyuka, amma sai inda manoma suka fito suka nuna suna so. In Jiga Maƙera ba su taru ba, za a kai rabonsu wani gari. Na garzaya na faɗa wa Baba Arzika. Ya ce in sa rana kawai, a ƙofar gidansa za a yi, kuma in zo da ruwan shana don jama'a za su ba ni tsoro.

Kafin ranar aiki ya kai ni wani ƙauye can bayan Maiyama, inda ba wuta ba sabis. Na yi kwanaki a can, wayata ta ɗauke ɗif. Ranar taron na taso da safe, na ratsa Jega ko gida ban leƙa ba, na miƙi hanyar Aliero ina ta zuba gudu don na makara.

Ina shan kwanar gidan, sai na ga mutane. Jama'a, ban taɓa ganin taro irin wannan a garin ba! Tabarmi har kan hanya, babura jere a gindin bishiya, har da motoci. Kaina ya kumbura nan take. Na ce a raina yau oga zai san ya ɗauki ma'aikaci. Sai da na danna oda kafin in kashe babur, don a san malami ya iso (da wayata tana da caji da hoto zan fara ɗauka, ta nan dai Allah ya rufa mini asiri).

Kada ku ce ban ga alamu ba. Na ga carbi a hannun kusan kowa. Na ga baƙin fuskoki da manyan riguna. Na ga ba mai dariya, ba mai ɗaga murya. Amma sai na fassara abin da cewa natsuwa ce, irin ta mutanen da suka san darajar ilimi.

Na rangaɗa sallama, na warware babban hotona mai ɗauke da ruɓaɓɓiyar albasa, na dubi wurin da Baba Arzika ya saba zama a bakin zaure. Ba ya nan. Babban ɗansa, Malam Sanda, shi ne a wurin, kansa a sunkuye. Sai na buɗe murya yadda har na cikin gida za su ji, na ce:

"Ina tsohon nan mai ran ƙarfe? Ya tara mini jama'a ya shige ɗaki yana barci? Ku ce ya fito! In kuma ya mutu ne a faɗa mini, a kawo mini gumbata in ci in ƙara gaba!"

Na ƙyalƙyale da dariya. Ni kaɗai.

Wani daga baya ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Liman, wanda yake kusa da ƙafata, ya kama bakin rigata ya ja a hankali.

"Zamna, yaro," in ji shi. "Arzika ya riga mu gidan gaskiya. Shekaranjiya munka kai shi. Yau sadakar ukku aka yi."

Wallahi ban san lokacin da hoton ya faɗi daga hannuna ba. Na zube a ƙasa, ko tabarmar ban kai ba. Ban san wanne zan fara ji ba, mutuwar ko abin da bakina ya faɗa a gaban 'ya'yansa da baƙinsu. Wani ƙanen Malam Sanda ya miƙe tsaye, idonsa jajir, ya ce, "Wane irin wulaƙanci na wanga? A ƙohwar gidanmu?" Na tabbata tawa ta ƙare a garin nan, na kuma jawo musu asarar rumbunan da tsohon ya ɗauki alkawari a kansu. Na buɗe baki in ce Allah ya jiƙansa, sai kuka ya ƙwace mini, irin na yara, mai majina.

Daga cikin zaure sai muryar tsohuwa ta fito. Inna Hajo ce, matar marigayin, tana takaba, ba ta leƙo ba.

"Wa ka kiran gumba?"

Aka ce malamin gona ne.

"Ku ƙyale shi," ta ce. "Jikokinai tun shekaranjiya sun yi zuru kamar baƙi, ba wanda yat tsokane shi ko sau guda. Wanga kaɗai ya yi mai bankwana irin wadda shika so. Sanda, zaka ka amsam mai."

Malam Sanda ya tashi ya shiga, ya fito da curin gumba a ƙoƙo. Ya tsuguna gabana ya ce, "Ci. Rabon jikoki na."

Haka na ci gumbar nan a gaban ɗaukacin jama'a, ina hawaye, tana maƙale mini a wuya, ina tari. Liman ne ya fara rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Sai wani dattijo ya tuno wata tsiya da Arzika ya taɓa shuka masa a kasuwar Jega, wani ma ya kawo tasa. Wanda ya miƙe ɗazu ya koma ya zauna, ya turo mini buta ba tare da ya dube ni ba. Da aka shafa fatiha zan tafi, Malam Sanda ya rako ni har wurin babur, ya ce, "Bayan bakwai ka dawo, nan za a yi taro kamar yadda Baba yac ce. Amma ka zaka da ƙaramar murya."

Na koma, kuma sun taru. Ban san da wane baki zan gode wa mutanen nan ba, tunda nawa dai kun ga aikinsa. Yanzu duk inda na hango taro, daga nesa nake kashe babur, in turo shi a hankali ina karanta fuskoki, ko da kuwa ina jin kiɗa yana tashi. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai. Duk wasan da muka yi da tsohon nan, ban taɓa yi masa tsokanar da ta kai wannan ba, kuma ita kaɗai ce bai rama ba.