Sandar da Za Ta Ɗauki Raƙumi

Ba zan taɓa mantawa da hajjin da na tashi nuna gwaninta a unguwarmu Misfala ta Makka ba. Lokacin ina sabon kafinta, kaina ya fi gudumata girma.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya sauka gidan Baba Isa, ya yi targaɗe wajen sa'ayi. Baba Isa kuwa shi ne mahaifin Zainabu da nake nema, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da ya aiko a ƙera wa baƙonsa sandar guragu, sai da na yi tsalle a shago. Kaya ya tsinke a gindin kaba!

Malam ya ce mini, "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Bature na ce mata crutch, asalin kalmar kuwa sanda ce kawai mai lanƙwasa a kai, irin ta makiyayi. Samo itace mai ƙwari, shi ke nan."

Na ce to, a raina kuwa na ce ni da sandar makiyayi? Na ɓare akwatin shayi (katakon nan da ko kaza ta hau sai ya yi ƙara), na zana furanni, na shafa fenti kala uku, na ɗora ɗan matashi wajen hammata. Kwana biyu ina kallonta ina murmushi ni kaɗai.

Bayan la'asar na kai. Zaure cike da alhazai, ina kuma jin motsin Zainabu bayan labule. Baba Isa ya jujjuya sandar ya ce, "Masha Allah. Amma ya waladi, za ta ɗauki mutum?"

"Mutum? Baba, har raƙumi!"

Na ɗage ƙafa ɗaya, na saki nauyina duka a kanta. Ƙaras! Sai ga ni cikin tiren shayi, idon sawuna ya gurɗe. Dariyar da ta fi yi mini ciwo daga bayan labule ta fito.

Wa ya ɗaga ni? Malam mai targaɗe, dogare da taɓaryar gidan. Shi ya riƙe ni har ƙofa, muna ɗingishi tare, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Isa ya ce ba maganar aure sai na ƙera mai ɗaukar mutum. Na ƙera, ba fure ba fenti, ni ma na yi wa kaina ɗaya, mako uku ina dogara ta. Nan na gane abin da za a jingina da shi ba kyansa ake tambaya ba.

Har yau in na fara cika baki, matata Zainabu ba ta musu da ni. Sai ta ce, "Har raƙumi?"