Rabin Watan Falanko

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki katifa zuwa aikin yini ɗaya. Lokacin ina sitaj, wato koyon aiki, a wata ƙungiyar kare muhalli a Tanout. Mu biyu ne, ni da wata Hadiza, kuma an faɗa mana tun farko: bayan wata uku mutum ɗaya za a riƙe.

Ni kuwa Allah ya yi ni da mafarkin ido biyu. Ana taro a buro, wato ofishinmu, ni ina can ina ganin ƙasarmu ta Damargu ta koma kore shar, gawo da aduwa har bakin garin Tenhya, ga ni a gaban mota fara ƙal ina ɗaga wa mutane hannu. Cikin wannan tafiya na tsinci muryar Madam, shugabarmu: "Gobe ka shirya, za mu Falanko aikin rabin wata."

Rabin wata! Na ce a raina, to ga damar da zan wuce Hadiza. Na je gida na yi sallama kamar mai tafiya Makka. Inna ta daka mini dakuwa, ta bi ni da addu'a har ƙofa. Da safe na iso da akwati da buta da katifa a ka. Direba ya dube ni, ya dubi katifar, ya ɗaure ta a saman mota bai ce uffan ba (har yau ban yafe masa ba).

A Falanko muka tarar da mata da maza a wani fako suna haƙa ramuka. Bayan gaisuwa Madam ta ce in yi wa jama'a magana. Na gyara murya, na sauka cikin wani ɗan rami don kowa ya gan ni sosai (ku ji fa, rami na shiga don a gan ni), na ce: "Iyayena, ba mu zo da wasa ba. Kwana goma sha biyar za mu yi tare da ku, sai rabin watan nan ya cika cif!"

Sai wata tsohuwa ta dogara da hauyarta ta ce: "Ɗana, wane rabin watan? Ai ga shi kana tsaye a cikinsa."

Na dubi ƙasa. Ramin a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata, an yi shi ne don ya tare ruwan sama. Na san shi sarai a takarda, da Faransanci muka karanta a lakkol, sunansa na Hausa ne ban taɓa ji ba. Wayyo, dariyar da aka yi! Hadiza har da riƙe ciki. Kunya ta kama ni, na ji aikin ya tafi.

Da yamma suka shiga mota, ni na ce a sauke mini katifata. Ba jarumta ba ce, ina zan kai fuskata wurin Inna bayan dakuwa da addu'a? Na yi kwana sha biyar ɗin ina haƙa, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Da sitaj ya ƙare, ni aka riƙe. Madam ta ce tana son mai zama da mutanen karkara. Ban gyara mata ba.

A Falanko dai har gobe sunana Kwana Sha Biyar. Yanzu ko shekara aka ce mini a buro, sai na tambaya: ta kalanda ko ta haƙawa?