Tafintan da Ke Leƙen Ƙarƙashin Tebur

Ba zan taɓa mantawa da ofishin wani likitan ƙashi a unguwar Dokki ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Alƙahira, ina karanta Larabci. In ka buɗe mini littafin nahawu, sai in yi ta zuba har ka gaji. Amma Larabcin titi, wanda Misirawa ke hira da shi, ban riƙe komai ba sai yalla da khalas da tamam. Gidan da muke haya Hausawa ne zalla, da Hausa muke kwana, da ita muke tashi. (A gida kuwa labarin da ake bazawa shi ne na zama Balarabe, ni kuma ban taɓa musawa ba.)

Sai Babana ya kira ni ya ce amininsa Alhaji Sule, tsohon hedimasta da muke kira Baba Alhaji, zai zo a duba masa gwiwa, ni zan yi masa tafinta. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Ranar da na raka shi wurin likitan, hotunan gwiwar da aka ɗauka a gida duk suna cikin wayata. Likita ya ƙura musu ido, ya ce sun yi masa ƙanana. Nan fa na samu wurin nuna gwaninta. Na zaro kwamfutata daga jaka na ɗora a tebur tana fuskantarsu, na haɗa ta da waya da dogon kebul, na buɗe manhajar da ke ɗauko fuskar waya ta nuna a kwamfuta. Duk abin da na taɓa a hannuna sai ya fito ɓaro-ɓaro a gabansu. Likita ya ce, "Tamam, ya ustaz," wato ya yi daidai. Baba Alhaji ya gyaɗa kai ya ce lallai karatu bai faɗi ƙasa banza ba. Na koma gefe na zauna, kaina ya kumbura.

Daga nan likita ya soma bayani. Wallahi kamar an kunce famfo. Na tsinci "gwiwa", na tsinci "sukari", sauran duk suka wuce ta saman kaina. Baba Alhaji ya juyo yana jira. Maimakon in ce ban gane ba, sai na sulalar da wayar ƙarƙashin tebur, na buɗe manhajar fassara, na sa ta saurara. Likita na magana, tana rubuta mini da Hausa, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, in ɗago in faɗa da muryar manyan malamai. (Har gemu nake shafawa, don Allah ku ji.)

Kebul ɗin yana nan a jone. Ni kaɗai ne a ɗakin ba na ganin fuskar kwamfutar.

Na ga dai Baba Alhaji ya ciro tabarau ya saka, ban kawo komai ba. Ina cikin wata jimla sai na ji ya ƙarasa mini ita. Ya ce, "Ɗana, ba sai ka wahala ba. Ga shi nan a allo, na riga ka karantawa."

Na leƙa. Ga fassarar nan ƙato-ƙato. Likita ma ya kalla, ya toshe baki ya ce, "Ma'alish," wato ba komai. Kunya dai na sha ta, amma abin da ya biyo baya ya fi ta ciwo.

Baba Alhaji ya cire tabarau, ya yi ƙasa da murya. "Maganin sukarin nan, kafin aiki zan dakata da shi ko bayan aiki? Abin naku ya faɗa iri biyu, kai ma ka faɗa iri biyu. Gwiwata fa za a yanka, ɗana."

Sai a lokacin na ga abin da nake yi. Dattijo ya baro gida ya damƙa mini lafiyarsa, ni kuma sunana nake karewa.

Na dubi likita, na ce masa da Larabcin littafi ban gane maganarsa ba, don Allah ya yi mini da fusaha, wato irin Larabcin da muke karantawa, a hankali. Mutumin nan ya yi dariya, ya gyara zama, ya soma magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mini ba. Ashe tun farko tambaya kawai ta rage.

Baba Alhaji bai taɓa kai labarin gida ba, Allah Ya saka masa. A tasi kawai ya ce duk tsawon koyarwarsa bai taɓa jin tsoron ɗalibin da bai sani ba, mai yawan gyaɗa kai ne ke ba shi tsoro.

Na ɗauki darasin, wataƙila ma na wuce gona da iri. Yau duk Alƙahira babu wanda ya kai ni faɗin "ban gane ba". Mai tumatirin unguwarmu in ya hango ni tafe, tun daga nesa yake rage gudun bakinsa.