Turmin Mas'udu Mai Ƙofa Biyu

"...lafiya lau na tashi, sai da na ga huskarka. Mi ka turo mani a baro da sassafen nan, ka lulluɓe da buhu kamar wanda ya sato janareto?"

"Amarya, gyara bakinki. Lefenki ne na kawo."

Goggo ta ajiye faifan zogalen da take tsincewa, ta dubi jikanta Mas'udu sama da ƙasa. Kaka da jika ne, amma tun yana rarrafe take kiransa angonta, shi kuma yana ce mata amarya, kuma duk Ketare ba a taɓa jin sun rabu ba tare da an yi wa wani tsiya ba.

Yau dai Mas'udu bakinsa ne kawai ke wasa, hankalinsa kuwa na kan abin da ke cikin baron. Kakansa marigayi Malam Abdulƙarim masassaƙi ne da turamensa suka kai har Daudawa, kuma gizagonsa na nan ƙarƙashin gadon Goggo, naɗe cikin tsohon zane, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi. Tun da Mas'udu ya shiga ajin koyon sassaƙa a Kankara wurin Malam Nata'ala, yake kuma kallon masu sassaƙa a waya har ya manta da abinci, ransa ke kan gizagon nan. To ga wani ɗan ƙanen Goggo a Sabuwa, shi ma masassaƙi, ya aiko yana so, an ce ya zo ran Juma'a. Goggo ta ce wa Mas'udu in ya kawo mata turmin da ya sassaƙa da hannunsa ta yi daka a ciki kafin ranar, gizago nasa ne. Yau kuwa Alhamis.

Ya sauke turmin a hankali kamar mai sauke ƙwai, ya murza gindinsa cikin yashi, sannan ya yaye buhun.

"Ga shi nan. Kirya ce zalla. Taɓa ki ji santsi."

"Ikon Allah! Wanga ƙugu haka siriri, turmi ne ko budurwa?"

"Sabon yayi ne. Ke kin san na da, masu kama da ke, sama da ƙasa duk ɗaya."

"Ɗan nema! Ni da aka yi layi kaina tun daga nan har Ruwan Godiya? Kai ko fensir ba ka iya fiƙewa, ka zo kana hwaɗa mani sabon yayi. Malam Nata'ala ne ya koya maka wanga?"

"Malam har yanzu a muciya da ƙota ya tsayar da mu. Ni na wuce nan. Wannan aikin malamina ne na waya."

"Ɗan wane gari ne?"

"Wata ƙasa ce can bakin teku. Ɗalibansa miliyan biyu."

"Miliyan biyu! Ina suke zama? Wa ke ɗebo masu ruwa?"

"Kowa yana gidansu, Goggo. Kallo ake yi."

"Ya taɓa make maka ƙeya?"

"Ta ina zai make ni, yana cikin waya?"

"To ba malami ba ne. Ya san sunanka?"

"Bai sani ba."

"Kana jin yarensa?"

"Ba sai na ji ba. Hannunsa nake bi."

"Madalla. Malamin da bai san ka ba, ɗalibin da bai jin malam. Allah ya haɗa ku, ya raba mu da ku."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta zagaya turmin, ta kai hannu za ta karkata shi ta ga gindi. Mas'udu ya yi wuf ya haye ya zauna a bakinsa.

"Ba a leƙa gindin sabon turmi. Rashin kunya ne."

"Wa ya ce?"

"Bidiyo."

"Ɗaga mani nan in yi surfe."

"Ai ba a daka a sabon turmi sai ya kwana bakwai ya huta."

"Ya huta da mi? Noma ya yi? Kwana bakwai, ka ji ɗan wayo, watau Juma'a ta wuce ke nan. Ɗaga, ko in surfa ka tare da geron, dama kanka ya daɗe yana son a cire mashi dusa."

Ba yadda ya iya, ya ɗaga. Shi kaɗai ya san abin da ke cikin turmin nan. Kwana biyu ya yi yana fiƙe guntun itace, ya cusa shi tsakiya, ya liƙe da gam da garin katako, ya shafa jar ƙasa a kai. Yanzu ga tsohuwa ta juye kwano guda na gero, ta yayyafa ruwa, ta ɗauko taɓaryar da ta girmi ubansa. Ya shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa.

Ta ɗaga ta sauke. Dum!

"Kin ji murya? Turmin manya ke nan."

Dum!

"A hankali dai, amarya, ba gaba kuke da shi ba."

Ta uku ba ta ce dum ba. Fus ta ce. Taɓarya ta nutse har rabi, Goggo ta yi taga-taga kamar za ta bi ta. Ta zaro ta da ƙyar, ta leƙa ciki, ta ɗago, ta sake leƙawa.

"Mas'udu."

"Na'am, hasken gidanmu."

"Ina gerona?"

"Yana... yana ciki. Ya sauka ƙasa ne. Irin na zamani haka yake, yana da ma'aji."

"Ma'aji."

"Saboda kaji."

Goggo ta sa ƙafa ta ture turmin. Gero ya baje a yashi, toshiyar ta gangara gefe da gam ɗinta, kajin gidan kuwa kamar an yi musu shela, har da na maƙwabta ta kan katanga. Maimakon ta kore su, sai tsohuwar nan ta durƙusa, ta kafa ido a bakin turmin, ta hango jikanta tsaye ta ɗaya gefen.

"Salamu alaikum, masu gida! Ana shiga ta nan, ko sai an zagayo ta ƙofar baya?"

"Goggo, don Allah."

"A'a, tsaya in gaisa. Kai, wanga turmi ya hi gidan mai gari, shi ƙofa ɗaya gare shi. Hwaɗa mani gaskiya, mi ya kai ka gindinsa?"

Mas'udu ya sosa ƙeya. Ƙarya ta ƙare.

"Bidiyon kashi biyu ne. Na farko kawai na samu saukewa, sabis ya ɗauke. Na ga mutumin ya rarake sama, na rarake. Ya juya itacen ya kama rarake ƙasa, na ce to, don ya yi sauƙin ɗauka ne, dabara ce, ni ma na juya. Ina cikin sara sai na ga haske."

"Ka ga haske."

"Na ga ƙafata ta ciki. Sai shekaranjiya na hau tudun bayan makaranta na samu kashi na biyu."

"Sai aka yi yaya?"

Ya yi ƙasa da murya. "Sai na ga ya ɗauko fatar akuya ya shimfiɗa a bakin, ya ɗaure da igiya. Ya fara kiɗa."

Wayyo! Goggo ta zube a yashi tana riƙe ciki. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, ta yi tari, ta share hawaye, ta dube shi, ta sake fashewa.

"Ganga! Sati uku kana sassaƙa mani ganga! Jikan masassaƙi ya koma makaɗi bai sani ba! Maza a kama akuyar maƙwabcinmu Nasiru, yau akwai rawa a Ketare!"

Mas'udu ya sunkuyar da kai. Ya dubi tafin hannunsa, duk kanta da tsaga, sati uku na sara da gizagon aro mai girgiɗi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ba gizagon kaɗai yake so ba, so yake a ce gidan nan bai rasa masassaƙi ba. Ya tattara buhunsa ya jefa a baro.

"Shi ke nan, kin ci. Gobe ki ba kawu na Sabuwa. Shi ya iya."

Goggo ta daina dariya. Ta ɗaura ɗankwalinta.

"Kai, miji mai saurin yaji. Tahi ƙarƙashin rumbu ka jawo mani abin da kazata ke ƙwai a ciki."

"Goggo, ba na jin wasa."

"Ni ma ba wasa na aike ka ba. Kwashe ƙwan tukuna, in ka fasa ɗaya sadakina ya ƙaru."

Ya je yana gunaguni. Tun yana yaro ya san wannan baƙin kututture da ke kwance a inuwar rumbu, kaji na shiga suna fita, bai taɓa tambayar mene ne ba. Ya kwashe ƙwai huɗu, ya mirgino shi tsakar gida, ya kakkaɓe. Sai ya ga ashe turmi ne, tsoho tukuf, an toshe gindinsa da laka da tsumma. Ya sa yatsa ya tura, lakar ta zube, rana ta leƙo ta ciki.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Kakanka."

"Wane kakan nawa?"

"Kana da goma ne? Malam dai. Turminsa na farko ke nan, kuma ni ya kawo mawa, ina budurwa. Shi ma da toshiya ya zo, tasa ta ƙaro ce. Bugu biyu ta yi. Taka ta kai uku, ka hi shi."

Mas'udu ya durƙusa yana shafa bakin turmin. Ga sawun gizago nan birjik, wani ya karkace, wani ya zarce, irin nasa sak.

"Amma aka ce turminsa ba ya tsagewa, ba ya..."

"Daga baya ke nan. Tun ranar bai ƙara sara turmi ba sai da karan dawa a gehensa. Ya auna tsawon itacen daga waje, ya rage taƙi ɗaya da yatsa huɗu, ya karya karan. In ya yi sara kaɗan ya zura. Ranar da karan ya shige duka, ya ajiye gizago, ko wa ya ce ya ƙara. Malaminka mai miliyan biyu ya hwaɗa maka wanga?"

"Ko ya faɗa ban ji ba."

Ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado tana yi wa gwiwarta faɗa. Ta fito da tsohon zane a naɗe, ta ɗora masa a hannu. Ƙotar gizagon ta yi baƙi, ta yi sulɓi, wurin riƙon har ya lotsa daidai yatsun mai ita. Mas'udu ya riƙe, ya jujjuya shi a hannu.

"Amma ban cika sharaɗi ba, Goggo."

"Na ce in yi daka a ciki. Na yi, har sau uku. Ran Asabar ka kai wa Malam Nata'ala ya gani, ka zauna ka gama muciyarka kamar kowa."

"Kawu na Sabuwa fa?"

"In ya zo in ba shi ganga, ya tahi da ita yana kaɗawa."

Dariya ta ƙwace masa, ya share ido da hannun riga.

"To shi kakan nawa wane bidiyo ya kalla har ya huda nasa?"

Goggo ta gyara zama, ta ɗauki faifan zogalenta, ta ɗan karkata ɗankwali.

"A bakin hanyar rijiya yake sassaƙa, ni kuma sau shida nake ɗibar ruwa a yini. Kai ka kalli waya ka huda, shi ya kalle ni ya huda. Wajen ɓarna kun yi daidai, angona, amma ya hi ka sanin abin kallo."

Mas'udu ya rungume gizagon, ya ɗaga hannu ɗaya sama.

"Na sallama, amarya. Bari in kore miki kajin."