Kabari, Kusa, Shanu

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren ɗan Malam Buba ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran.

Ɗiyata Amna, mai koyarwa a Sinja, ita ta sa mini wasan a waya: a ba ka haruffan Larabci a warwatse, ka haɗa kalmomi. (Ni da karatuna bai wuce allo ba, sai ga ni ina jin kaina shehi.) Da hantsin ranar ina zaune a bakin kogi nan Mai Wurno ta Sudan, iska ta tsaya cak, ko tsuntsu ba ya kuka, sai wasan ya ba ni ƙaf, ba, ra. Na ja yatsa, "ƙabr" ta fito, kabari. Na sake ja, "ƙurb", kusa. Tsigar jikina ta tashi. Na haɗa ta uku, "baƙar", shanu.

Wa ya gaya wa waya?

Domin tun ina da ƙarfina shanuna suka faɗa gonar Malam Buba, maƙwabcina, suka share masa dawa tas, ni kuwa na rantse masa makiyaya masu wucewa ne. Shekarar nan da ƙyar iyalinsa suka kai kaka. Ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Na tashi, takalmi a hannu, sai rumfar biki. An zauna ana cin kalacin ango. Na durƙusa gaban Malam Buba (ni tsoho da furfura, ina kuka har da majina), na ɗaga murya: "Malam, tafiyata ta zo kusa, an nuna mini. Shanuna ne suka ci dawarka. Ka yafe mini!"

Hannaye suka tsaya a cikin kwanuka. Liman ya ce, "Ya Haj, mafarki ka yi?" (Haka ake kiran alhaji a nan.) Na miƙa masa wayar. Ya ƙura mata ido, ya ce, "Ai kowa haruffan nan ake ba shi. Ni shekaranjiya na wuce wurin. Ka ma bar 'barƙ', walƙiya."

Rumfa ta kece da dariya. Da ƙasa ta tsage, da na shige.

Malam Buba kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Tashi, ya Haj. Tun ranar na ga sawun saniyarka mai ɗingishi. Jira nake ka faɗa da bakinka. Na yafe, duniya da lahira. Wanke hannu ka ci."

Damina ba ta fita ba Malam Buba ya rasu. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ashe da gaske kusa ne, sai dai kabarin ba nawa ba ne.

Har yau a tashar motar Sennar "Haj Baƙar" ake kirana, kuma ina amsawa. In akwai haƙƙin wani a kanka, same shi a zaurensa tun yana jin magana, kada ka jira sai waya ta tsorata ka gaban masu cin abinci. Wasan kuwa ban sake buɗe shi ba. Ban san haruffan da ke jirana a ciki ba.