Keken da Ya Fi Jirgi Gudu

"...Lafiya lau nake, sai dai ganinki da ya ɓata mini yini," in ji shi, ko kai bai ɗago daga fankar da ya kwance ba.

Taubashinta ne, ɗan kawunta, a shagonsa na gyaran kayan lantarki. Ta ture matattun rediyo biyu daga kan benci ta zauna, warin dalma na shiga mata hanci. Shekara bakwai da barin sakandare ta koma aji, don Fiziks kaɗai ya tsaya tsakaninta da makarantar koyon jinya. Gobe za a karɓi jinga, malamin kuma ya ce duk wadda ba ta kawo cikakkiya ba, ba zai sa sunanta cikin masu jarrabawa ba. Ta gama tambayoyin gudu da nisa. Saura biyu na batir da waya, sun ƙi ta ƙememe.

"Sannu, Injiniyan Bola. Har yanzu kana kashe wa mutane fankoki?"

"Sannu, Malama Sifili. Wannan littafin fa? Awara za ki naɗe a ciki?"

"Jinga ce. Na ce bari in taimaka maka, ka ɗan tuna karatu kafin kanka ya yi tsatsa."

"Wato roƙo kika zo, kika sa masa babbar riga. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Miƙo."

Ya goge hannu a wando ya duba. Ta ga idonsa ya yi haske, irin na da.

"Ƙwan fitila uku da batir ɗaya? Wannan ko a barci. Amma da sharaɗi. Ki faɗa da bakinki ke kika yi kuskuren keken nan."

Ta san za a zo nan. Suna aji huɗu na sakandare lokacin, kullum bayan la'asar sai su baje littattafai a tabarmar Kaka, tsohuwar tana tsakiya tana gyaran ƙumba, da tsinken tsintsiya na raba faɗa. Aka ba su tambaya: mai keke ya yi mita ɗari shida cikin minti biyu, nawa ne gudunsa a daƙiƙa? Suka manta mayar da minti daƙiƙa, suka raba da biyu, suka rubuta mita ɗari uku. Malam ya tsayar da su gaban aji, ya ce a tafa wa masu keken da ya fi jirgin sama gudu. Tun ranar kowa ke ɗora wa ɗan'uwansa.

"Ni? Kai ka riƙe biro!"

"Ke kike faɗa, ni ina rubutawa. Sakatare ake kamawa ko shugaba?"

"Laifi tudu. Wa ya ce wa Kaka shi ne zai ƙera jirgi ya kai ta Makka?"

"Da kin bar ni ai da na ƙera. Zama da ke ne ya tsotse mini ƙwaƙwalwa. Kin ga ko sauro ya cije ki, sai ya faɗi jarrabawa."

"Kai kuma ranar sunanka aka ɗauke wuta a unguwa, har yau ba a dawo da ita a kanka ba."

"To, tashi ki tafi. Malaminku ya fi ni sani."

Ba ta tashi ba. Ta san taurin kansa, gadon kawu ne. Ta kalli shafin farko, inda ta riga ta warware tambayoyinta, sai ta rufe amsar da tafin hannu.

"Na yarda zan faɗa. Amma fara yi mini wannan, in tabbatar ba wurin makaho na zo tambayar hanya ba. Wata tsohuwa ta yi tafiyar mita ɗari biyu da arba'in cikin minti huɗu. Gudunta a daƙiƙa?"

"Wannan ce tambaya? Raini ke nan." Ya zare fensirin bayan kunnensa ya yi zane a kwalin batir. "Ɗari biyu da arba'in, raba huɗu. Sittin. Mita sittin a daƙiƙa. Sai me?"

"Ka tabbata?"

"Kamar sunana."

"To leƙa waje."

Hannunsa ya tsaya. Maganar Kaka ce. Ranar da suka dawo da kunyar keken, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ku da kuke da boko, in kun samu amsa ku riƙa leƙa waje mana, ku ga ko akwai irinta a duniya."

Ya kalli kwalin, ya kalli titi, inda wata dattijuwa ke tsallaka kwata a hankali da sandarta.

"Mita sittin," ta ce. "Tsohuwarka ta wuce motar haya, ta wuce ta asibiti, mayafinta na tashi sama. Hali zanen dutse, Injiniya. Amsar ɗaya ce tak. Mita ɗaya."

"Fensirin ne ba shi da kyau."

"Wancan karon ma shi ne?"

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa tebur, ƙananan kusoshi suka watse ƙasa. Da ya lafa, sai ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin kanta, ya ɗaga wayoyi, ya fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya cinye. Ta gane shi tun kafin ya buɗe. Ga keken, ga jan sifilin malam, ga kuma ɗari ukun da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. A gefen shafin akwai jan tabon yatsa, inda Kaka ta dangwala da lallenta tana tambayar wace ce amsar.

"Shekara goma kana ɓoye shaida," ta ce, muryarta ta ɗan sauka.

"Ba don keken na ajiye ba." Ya shafa tabon da babban yatsa, sannan ya miƙa mata. "Riƙe. Ni na yi, na yarda. Amma in kika koma gida kika faɗa wa Gwaggo, zan ce ƙarya kike."

"Yau kuwa har maƙwabta sai sun ji."

"Matso da bencin, Sifili." Ya ɗauko batir da ƙananan ƙwayayen fitila uku ya jera a tebur. "Ba a takarda za mu fara ba, haɗawa za mu yi ki gani da idonki. Ni ina waya, ke kina lissafi. In minti ya shigo ciki, don Allah kar ki ba ni."