Ranar da Na Goge Hotunan Amarya

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina tun zuwana Makka, amma wannan Talatar ba zan taɓa mantawa da ita ba. Lokacin watana huɗu da fara aiki a shagon ɗaukar hoto na Abla Maimuna a unguwar Zahir. Ita haifaffiyar nan ce, kakanninta ne suka zo daga Katsina. Bikin mata zalla take ɗauka, ni kuma aikina jera hotuna a kwamfuta da haɗa wa baƙi gahawa.

A bikin nan Makka, tun daga ƙofa ake karɓe wayoyin mata, domin amarya da ƙawayenta ba lulluɓi suke shiga. Saboda haka hoton da Abla ta ɗauka shi kaɗai ne hoton wannan biki a duniya. Idan ya ɓata, ya ɓata ke nan.

Da hantsi kwamfutar ta fara kukan ta cika, ko fayil ɗaya ba ta karɓa. Abla tana saka abaya za ta fita ta ce, "Ya binti, shufi mana hal, nemo mana mafita, ki samar mata wuri. Bayan la'asar uwar amarya za ta zo zaɓen hotuna." Na ce ta bar mini komai a hannuna (ni da duk ilimina na kwamfuta sati shida ne a wani shago a Kano, rabinsa ma babu wuta).

Na duba, na ga foldar da ke haɗe da ma'ajiyar intanet ita ta cinye wurin. Sai na yi lissafi irin nawa: tunda kowane hoto yana da kwafi can sama, me ya sa za mu ajiye biyu? Na zaɓe bukukuwan watan gaba ɗaya na goge. Kwamfutar ta fito da wani dogon gargaɗi da Larabci, na danna "na'am" ban karanta ba. Na bi kwandon shararta ma na zazzage. Wuri ya samu, har da ɗan taka rawa na yi.

Bayan azahar na ɗauki tabulet ɗin da ake nuna wa baƙi hotuna don in goge masa ƙura. Na buɗe foldar bikin. Wayam. Na rufe na sake buɗewa, na kashe na kunna, na karanta duk addu'ar da na sani. Ashe abin ba kwafi biyu ba ne, kamar madubi yake: abin da ka cire a nan, can ma ya fita. Har katin kyamarar na duba, Abla ta riga ta wanke shi don bikin daren Alhamis.

Tsoro ya kama ni sosai. Na yi fitsari ya fi sau biyar. Ina tunanin yarinyar da ba za ta taɓa ganin kanta a ranar aurenta ba, ina tunanin igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, da ke hannun Abla, har na fara hango kaina a filin jirgin Jidda da jaka ɗaya. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ta, sau uku ina ajiyewa.

Abla ta dawo, tare suka shigo da uwar amarya, Hala Zainaba, dattijuwa mai sanda da gilashi mai kauri. Na zuba gahawa rabi a kofi rabi a faranti. Abla ta haɗa kwamfutar da babban talabijin na bango, ta buɗe foldar, ta juyo ta dube ni.

"Fen hotunan? Ina suke?"

Na durƙusa a kan kafet na fashe da kuka. "Abla, ki yafe mini, ni na goge su. Wuri nake nema."

Abla ta dafe kai. Hala Zainaba kuwa ta kurɓi gahawarta ta ce, "Bas, bas, ya isa, tashi ya binti. Kwandon can sama kin zazzage shi?" Na ce ban san akwai wani kwando a sama ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi da ba ki sani ba." Ashe shekara da shekaru ta yi tana aikin kwamfuta a ofishin wata makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya.

Ta ja kujera, ta shiga ma'ajiyar ta intanet, ta danna a dawo da duk abin da aka goge a watan. Hotuna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, ina hamdala a fili. Sai dai "duk" ɗin nan bai tsaya kan na amarya ba. Sati biyu kafin nan, ranar da Abla ba ta nan, na saka rigar amare ta haya da ke shagon, da kambi, na ɗauki kaina hoto kusan arba'in, na kalla a kwamfuta na goge. Su ne suka cika bango. Ga ni nan na turo baki, rigar ta ƙi rufuwa ta baya, silifas ɗin banɗaki a ƙafata.

Hala Zainaba ta gyara gilashi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Masha Allah. Wannan amaryar kuma, waye angon?" Abla ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ba a kore ni ba. Kafin ta tafi, dattijuwar ta nuna mini inda ake dannawa a sauke nauyin fayil daga kwamfuta ya zauna can sama lafiya, ba tare da an goge komai ba. Tun daga ranar, kowane gargaɗi kwamfuta ta fito da shi sai na karanta shi har ƙarshe. Na kuma gane cewa abin da kake so ya zauna, dannawa ɗaya ke tafiyar da shi, wanda kake so ya ɓace kuwa yana nan a ajiye yana jiran ranar da baƙi za su zo.